Kwanon Mutanen Kanada

A kasuwar hatsi ta Multan, in ka ji ana gardama tun kafin a gama buɗe shaguna, to Malik Dilawar ya iso. Ba ya saye, ba ya sayarwa, amma babu cinikin da za a ƙulla bai tsoma baki ba. Jarinsa kaf a fuskarsa yake, wani gashin baki ne baƙi wuluk mai ƙahoni biyu, kullum cikin shan mai da murza. Ni mai sayar da buhuna ne, rumfata na daura da shagon Tanwir, ƙanin matar Malik, inda Malik ya kafa kujerarsa ba tare da an gayyace shi ba. Don haka abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi, kuma har gobe in aka ambaci mangwaro sai in toshe hanci.

Malik ya ce shi gwani ne a harkar cinikin ƙasa da ƙasa. Hujjarsa ita ce ya taɓa raka wani mutum zuwa filin jirgin sama na Karachi, har ya sha shayi kusa da wani Bature.

Shi kuwa Tanwir mutum ne mai sanyin hali. Ya sha fama kafin ya shawo kan wasu manoma a Kanada suka yarda su riƙa aiko masa da wake kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun dillalai ba. Ranar da kwantenar farko ta iso, tsakiyar zafi ne, lokacin mangwaro. 'Yan dako suka sauke buhuna, aka share ciki, direban motar, wani ɗan ƙabilar Fatan mai suna Gul Zaman, ya jawo ƙofa zai rufe. Sai ga Malik ya miƙe yana murza ƙahon dama.

"Tsaya! Ina za ka da ita?"

"Zan mayar wa masu ita, Malik Sahib," in ji Gul Zaman.

Malik ya leƙa ciki, ya ce "Kai!" muryarsa ta dawo masa. Ya juyo ya dubi Tanwir kamar ya kama shi yana sata.

"Tanwir, wace uwa ce ta haife ka? Mutane su aiko maka da kwano cike, ka mayar musu da shi wayam?"

Nan fa ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. A garinmu in maƙwabciya ta aiko da abinci, kwanonta ba ya komawa haka nan. Ko ɗan sukari ne sai an zuba. Matar da ta mayar da kwano ba komai, jikokinta ma sai sun sha gori.

Tanwir ya ce, "Yaya, ai wannan ba kwanonsu ba ne. Na kamfanin jiragen ruwa ne. Daga nan ma wa ya san inda za a jefa ta."

"Ji min shirme! Ka taɓa ganin kwanon da bai san gidansu ba? Ku yaran yanzu kun iya danna waya, amma ba ku san ciniki ba. Ƙasa da ƙasa zumunci ne. Su ba mu wake, mu ba su daɗi. Suna ɗanɗana kayan Multan za su yo layi, jiragensu su riƙa tururuwa, a sa sunana a littafin 'yan makaranta."

Fika wanzami yana gefe yana wa wani aski. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malik Sahib, Kanadar nan ta wace ƙofa ake fita in za a je ta?"

"Ta ƙofar da jahilai ba sa bi."

"To in kayan ba su isa ba fa?"

Malik ya kama gashin bakinsa da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda har masu awo suka ji. "Ku shaida! In kayan Multan ba su isa Kanada ba, in kuma mutanen Kanada ba su ce sun gode ba, a zaunar da ni a tsakiyar kasuwar nan, Fika ya aske wannan ƙwal!"

Fika ya ajiye kan da yake askewa rabi, ya zo ya zagaya Malik yana duban gashin kamar mai taya rago. Haji Karamat, shugaban 'yan kasuwa, ya ce ya ji, kuma ya shaida. Mijin yayarka ne, ya yi rantsuwa da gashin baki a bainar jama'a, me za ka ce? Sai Tanwir ya ja Gul Zaman gefe ya roƙe shi ya ɗan jinkirta.

Kafin la'asar mai ganga ya zagaye unguwanni yana shela cewa mutanen Kanada sun aiko da kwano, kowa ya fito da abin fita kunya. Wallahi ban san muna da zuciya haka ba. Mangwaro ya riƙa zuwa a kan amalanke, a kan jakuna, a kan kawunan mata. Masu alewa suka kawo tire-tire tana naso da man shanu. Aka kawo tuluna na jiƙon mangwaro mai yaji, aka kawo tukwanen kindirmo, aka kawo rake. Wani ya ji an ce can sanyi ake yi, ya kawo barguna. Da mutanen Ƙofar Bohar suka ji abin da mutanen Ƙofar Delhi suka bayar, suka ce ba a isa a raina su ba, suka ƙaro kankana da soyayyen kifi.

Inna Sughra, wata tsohuwa mai ɗa a birnin Toronto na Kanada, ta iso da tukunyar farfesun ƙafar sa, an ɗaure bakinta da tsumma.

"Dilawar, ka ce su ba Nadim. Ya rame a hoto."

"Inna, Kanada fa babbar ƙasa ce."

"Dogo ne, yana da tabo a goshi. Kowa ya san shi."

Malik ya karɓa ya ce an gama. Wani rago da aka kawo ne kawai ya ƙi karɓa, shi ma don ragon ba shi da fasfo.

Matarsa Shamshad ta aiko 'yarsu Rukhsana ta kira shi, ya ƙi zuwa, sai ta yafa mayafi ta zo da kanta. Ta tsaya bakin kwantena ta ce, "Baban Rukhsana, kindirmon da na kwana da shi jiya da wuta ta ɗauke, yau ko kyanwa ta ƙi shi. Wannan kuma wata nawa zai yi a teku?"

"Uwar Rukhsana, ke da kicin, ni da ƙasashen waje. Kin ga na taɓa shiga miki tukunya?"

"Ka shiga, ranar da ka ƙona min ita."

Jama'a suka kwashe da dariya. Malik ya ga abin zai taɓa masa girma, nan take ya sa aka sayo ƙanƙara manya-manya daga kamfanin ƙanƙara, aka jera a kan kayan, aka lulluɓe da barguna. Sannan ya zagaya ya gano 'yan ramukan shan iska a jikin kwantena, ya ce to ga inda sanyi zai tsere. Ya sa aka kwaɓa laka da ƙullun fulawa, aka toshe kowace kafa, aka bi bakin ƙofa aka liƙe, daidai yadda mata suke liƙe murfin tukunyar shinkafa in za ta turara. Ya ja da baya yana kallon aikinsa.

"Ko Turawa ba su san wannan dabarar ba," in ji shi.

Fika ya ce, "Ai shi ya sa har yanzu suke da gashin baki."

Da safe aka rataya wa motar furanni, masu ganga a gaba, Malik a kan rufi yana ɗaga wa mutane hannu. Gul Zaman ya tambaye shi takardun kaya. Malik ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an nemi takarda a kan tukuici ba. Suka tafi. Kafin azahar suka dawo, babu ganga, babu furanni, Gul Zaman yana zage-zage da yarensu.

Ashe a ma'ajiyar kwantenoni an ɗora motar a kan sikeli. Takarda ta ce ba komai a ciki, sikeli ya ce ƙarya ne. Ma'aikacin wurin ya tambayi abin da ke ciki, Malik ya ce mutuncin Multan. Ya tambayi wa za a kai wa, Malik ya ce mutanen Kanada, da Nadim mai tabo a goshi. Aka nuna musu ƙofa.

Gul Zaman ya sauke kwantenar a tsakar kasuwa, inda babu inuwar ko tsinke, ya ce in sun gama haukansu su kira shi.

Daga nan Malik ya shiga zaryar ofisoshi da jaka a hammata. A wannan ofis a ce ya kawo shaidar lafiyar tsirrai, ya ce mangwaron lafiyarsa ƙalau, shi da kansa ya sha uku. A wancan a ce ina lasisin fitar da kaya, ya ce shi ba fitar da kaya yake yi ba, mayar da kwano yake yi. Wani akawu ya tausaya masa ya ba shi shayi, ya ce ya koma gida ya kwanta. Kullum ya dawo sai ya ce saura sa hannu ɗaya.

Ita kuwa kwantena rana na ta aikinta. Da farko wani ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa, rawaya-rawaya. Malik ya dangwala ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa, ya ce wannan zufar lafiya ce. Sai ƙudaje suka zo, na unguwarmu da na baƙi. Karnuka suka zo suka zauna a da'ira kamar masu jiran sadaka. Can sai ta fara gurnani. Kana zaune sai ka ji ƙululu daga ciki, jim kaɗan ta yi tsaki ta wata kafa, laka ta yi tsalle. Gefenta ya fara tasowa.

Mai sayar da barkono ya ce, "Malik Sahib, kwanonka fa ya yi ciki."

"Albarka ce take kumbura. Kai me ka sani?"

"Warin fa?"

"Wane wari? Ƙamshin nuna ne. Ana so ya isa can a nune."

Ya sa aka yayyafa mata ruwan wardi, aka kewaye ta da turaren tsinke, ya jawo fanka daga shagon Tanwir ya saita ta. Wuta ta ɗauke. Ya ɗauki yara haya su yi mata fifita, suka gudu. Mu masu rumfuna kusa muka koma ciniki da tsumma a hanci, mai saye ya ce nawa, ka ba shi amsa da yatsu. Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai, domin buhunana duk sun sha warin, wanda ya saya sai ya dawo ya tambaye ni ko gawa na taɓa ɗaurewa da su.

Fika kuwa ya dawo da kujerar askinsa daidai gaban Malik. Wasa aska kawai yake yi a jikin fata, shuu, shuu, yana murmushi. Malik ya riƙa rufe baki da gefen rawani, wai ƙura.

Ana cikin haka Tanwir ya zo da labarin da ya hana shi barci. Ɗaya daga cikin manoman Kanada, wani dattijo Mista Dugal, yana zagayen masu sayen wakensu a ƙasar, kuma gobe zai biyo ta Multan su gaisa. Tanwir ya ce, "Yaya, don girman Allah, mu ja abin nan bayan gari a daren nan. Mutumin nan in ya shaƙi wannan, ni da wake har abada."

Malik ya miƙe tsaye, fuskarsa ta washe. "Allahu Akbar! Kwano ya kasa zuwa gidan mai shi, mai kwano ya zo da ƙafarsa. Ka ga aikin mai gaskiya?"

"Yaya..."

"Yi min shiru. Gobe za ka ga yadda manya suke ƙulla zumuncin ƙasashe."

Washegari kasuwa ta zama gidan biki. An kafa rumfar zane mai launi a gaban kwantena, an shimfiɗa darduma, an jera kujeru, an ɗauko masu badujala na bukukuwan aure da jajayen kayansu. Aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofar kwantena. Malik ya sha farar riga doguwa mai maɓallai har wuya, ya ɗaura rawani mai tuntu, gashin baki ya sha mai har yana ɗaukar ido. Duk wanda ya ba da tukuici ya zo ya ga idon mai karɓa. Inna Sughra tana sahun gaba.

Mista Dugal ya iso, dogo, fuska ja saboda rana, hula a hannu. Aka rataya masa furanni har suka rufe masa kunne. Ya shaƙi iska sau ɗaya, ya dubi Tanwir, ladabi ya hana shi toshe hanci.

Malik ya hau kan buhunan wake ya fara jawabi. Ya ce tun zamanin kakanni Multan da Kanada 'yan uwa ne, teku ce kawai ta shiga tsakani. Ya ce daga yau wake zai riƙa gangarowa, mangwaro yana haurawa, kuma shi a shirye yake ya je can ya koya musu liƙe ƙofa kyauta. Tanwir yana fassarawa yana rage rabi. A bayansu kwantena ta yi wani dogon nishi, mai babban ƙaho ya ɗauka alama ce aka ba shi, ya busa.

Aka miƙa wa baƙo almakashi ya yanke ƙyalle. Malik ya kama sakata ya ja, ta ƙi. Ya cire takalmi ya taka ƙofar da ƙafa ɗaya, ya ja da ƙarfinsa duka.

"Bismillahi! Ga tukuicin Mul..."

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Tattabarun kasuwa dai sun tashi gaba ɗaya, kuma wasu ba su dawo ba har yau. Ƙofa ta yi sama da Malik ta manna shi a jikin rumfa, rumfa ta rufto. Sai ga abin ya fito, rawaya, mai kumfa, mai kauri kamar kunu, ya kai gwiwa, ƙwallayen mangwaro da kawunan kifi suna iyo a ciki. Ya kwashe kujeru, ya kwashe masu badujala. Mai ganga ya wuce ta gabana a zaune a kan gangarsa. Haji Karamat ya rungume sikeli yana salati. Wani bargo ya taso a hankali kamar mai rai, mata suka watse da ihu. Tukunyar Inna Sughra ce kaɗai ta fito lafiya, tana juyi a kan ruwa, ta bi ta da gudu tana cewa, "Ta Nadim ce, kar wanda ya taɓa!"

Mista Dugal bai gudu ba. Yana tsaye cak, abin ya kai masa ƙwauri, ɓawon kankana a kafaɗarsa. Ya duƙa ya dangwala da yatsa, ya murza, ya ce wani abu.

Malik ya rarrafo daga ƙarƙashin rumfa, rawani ya tafi, kifi a aljihu. "Me ya ce? Tanwir, me ya ce?"

Tanwir kamar zai yi kuka ya ce, "Ya ce zai yi kyau a gona. Taki ne mai ƙarfi."

"Kun ji! Yana so! Tun yanzu ya fara yabawa. Ka tambaye shi kwantena nawa zai saya."

Sai muka ji shuu, shuu. Fika ne, ya ɗora kujerarsa a kan amalanke don kar ta jiƙe, yana wasa aska.

"Malik Sahib, bisimilla. Kujera ta gaji da jira."

"A kan me? Na ce kaya za su isa Kanada. Wancan wane ne a tsaye?"

"Mutum ne."

"Mutumin ina?"

"Kanada."

"To duba takalminsa. Kaya sun isa Kanada har cikin safa!"

Gardama ta kaure, masu cewa ya cika alkawari, masu cewa bai cika ba, kowa yana tsaye cikin kunun mangwaro yana ɗaga hannu. Aka ce Haji Karamat ya raba. Haji ya share gemunsa, ya tofar da wani abu, ya ce, "Rantsuwar nan biyu ce. Ya ce kaya za su isa, to ga shi sun isa, babu mai musu, ni ma sun iso ni. Ya ce za a yi godiya. Akwai wanda ya ji godiya?"

Babu wanda ya ji.

"To ya ci rabi, ya faɗi rabi. A aske rabi."

Malik ya buɗe baki zai yi murnar nasara, sai lissafin ya iso masa. Ya ce a'a, a sake duba maganar. Ina! 'Yan dako sun riga sun ɗaga shi cak sun dasa a kujera. Fika ya tambaye shi cikin ladabi, dama ko hagu. Malik ya ce Allah ya isa. Fika ya ce to hagu ke nan. Ya shafa kumfa, ya ja aska sau biyu, ƙahon da aka yi shekaru ana kiwo ya faɗo a cinyar mai shi. Gaskiya a nan na ji tausayinsa, domin leɓen da ya fito fari ne sol, ɗan ƙarami, bai taɓa ganin rana ba.

Shi kuwa Mista Dugal, Tanwir ya ja shi gefe yana wanke masa ƙafa da buta, yana ba shi haƙuri, yana bayyana masa zancen kwano tun daga farko. Dattijon ya saurara, ya dubi tarkacen, ya dubi matan da ke tsintar tirensu. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya dafa kafaɗar Tanwir ya ce wake na nan tafe. Daga nan ya taka cikin kunun har gaban amalanke, ya kama hannun Malik da hannu biyu, ya faɗi 'yar magana ɗaya tak da ya koya da harshenmu, da ƙarfi yadda kowa ya ji.

"Na gode."

Malik ya dubi baƙon, ya dubi gashin da ke cinyarsa, ya dubi Fika.

"Ya gode! Haji, ka ji da kunnenka, ya gode! Na ci duka!"

Haji Karamat ya ce, "Ka ci duka, Malik Sahib. Fika, kar ka kuskura ka taɓa ɗaya ɓangaren, haƙƙinsa ne."

"To a aske shi mana, su yi daidai!"

Fika ya ninke askarsa ya sa a aljihu. "Ni in aske mutumin da ya cika alkawari? Allah ya kiyaye."

Haka ya sauko daga amalanke, ya ratsa kasuwa a karkace, yana nuna wa mutane gefen dama, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ne mutum na farko a Multan da ƙasar Kanada ta yi wa godiya baki da baki. Muka bi shi a baya har ƙofar gida. Shamshad ta buɗe, ta toshe hanci, ta leƙa dama, ta leƙa hagu.

"Baban Rukhsana," in ji ta, "wanne daga cikinku zan zuba wa abinci?"